Kowace Gaɓa da Lissafinta: Zaɓen Hujja da Tsanantar Saɓani a Kaduna

Akwai wani kyakkyawan zato da masu neman sulhu suka daɗe suna riƙe da shi, wato cewa ƙarancin bayani ne ke haddasa saɓani, kuma da zarar an baje hujjoji a faifai kowane ɓangare zai sassauto daga inda ya kafe har a haɗu a tsakiya. Abin da birnin Kaduna ya gani daga 1987 zuwa yau bai goyi bayan wannan zato ba, domin an kafa kwamitocin bincike, an rubuta rahotanni, jaridu sun buga, gidajen rediyo sun watsa, wayar hannu kuma ta zo ta sanya hoton kowace gawa a tafin hannun kowa, amma duk da wannan yalwar bayani mazaunin Sabon Tasha da mazaunin Rigasa ba su ƙara kusantar juna ba wajen fahimtar abin da ya faru a garinsu. Dalilin da ya fi ƙarfi shi ne ɗabi'ar da za a iya kira zaɓen hujja, wato mutum ya karɓi shaidar da ta dace da abin da zuciyarsa ta riga ta yarda da shi ba tare da wata tambaya ba, sa'annan ya gindaya wa shaidar da ta saɓa masa sharuɗɗan da babu wata shaida da za ta iya cika su. Inda wannan ɗabi'a ta yi kaka-gida, kowane sabon labari ƙara faɗin tazara yake yi, domin kowa yana fitowa daga cikinsa da ƙarin tabbacin cewa shi ne mai gaskiya tun farko.

Kogin Kaduna, wanda ya ratsa birnin ya raba shi gida biyu, bai kasance iyaka tsakanin addinai ba a zamanin da masaƙu ke aiki kuma ma'aikaci ke neman ɗakin haya duk inda ya fi kusa da wurin aikinsa. Rikicin Shari'a na watan Fabrairu da na watan Mayu 2000, da kuma tarzomar gasar sarauniyar kyau ta Nuwamba 2002, su ne suka sa dubban iyalai suka sayar da gidajensu da araha, ko suka yi musanyarsu, ko suka gudu suka bar su a ƙone, har unguwanni irin su Sabon Tasha da Television da Narayi da Unguwar Romi da Gonin Gora suka zama kusan na Kirista zalla, yayin da Tudun Wada da Rigasa da Kawo suka zama kusan na Musulmi zalla. Har yanzu akwai cuɗanya a wurare kamar Barnawa da Kakuri da Makera da Nasarawa, amma rabuwar ta yi zurfin da har wasu ke yi wa gaɓar arewa laƙabi da Makka, ta kudu kuma da Kudus. Babu mai hankalin da zai zargi wanda ya kwashi 'ya'yansa cikin dare ya tsallaka gada don tsira da rai. Sai dai wannan ƙaura ta yi wani aiki da ba a cika lura da shi ba, wato ta tace shaidu, ta ware su, ta kai kowane iri gaɓarsa.

A lokacin tarzoma mutum yana faɗawa hannun maƙiya ne a unguwar da mutanensa ba su da yawa, kuma idan Allah ya yi masa gyaɗar dogo, sai ya gudu zuwa inda mutanensa suka fi yawa. Saboda haka duk Kiristan da aka ƙona wa gida a Tudun Wada ko Rigasa ya kai labarinsa kudancin kogi, duk Musulmin da aka tare a Television ko Sabon Tasha ya kai nasa arewacin kogi, su kuwa waɗanda suka ɗauki adda da fetur a kowace gaɓa suka kama bakinsu suka saje da maƙwabta. Abin da ya biyo baya shi ne kowace gaɓa ta tara cikakken kundin zaluncin da aka yi mata, daga bakin waɗanda suka gani da idonsu, amma ba ta da ko shafi guda na zaluncin da 'ya'yanta suka yi. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a nan ne matsalar ta fi wuyar sha'ani, domin matar da ke ba da labari a Narayi ba ƙarya take yi ba, dattijon da ke ba da nasa a Kawo shi ma ba ƙarya yake yi ba. Kowannensu yana riƙe da rabin gaskiya wanda ya saya da jinin ɗan'uwansa, kuma rabin gaskiyar da aka saya da irin wannan tsada ba a iya shawo kan mai ita ya yarda cewa rabi ce.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gwada wannan ɗabi'a a yanayin da babu jini a cikinsa. A 1979 wasu masu bincike uku na jami'ar Stanford da ke Amurka, Charles Lord da Lee Ross da Mark Lepper, suka tara ɗalibai waɗanda rabinsu ke goyon bayan hukuncin kisa, rabi kuma ke adawa da shi, suka ba kowa sakamakon bincike guda biyu da aka tsara don gwajin, ɗaya yana nuna cewa hukuncin yana rage aikata kisa, ɗayan yana nuna akasin haka. Kowane ɓangare ya yaba ingancin binciken da ya goyi bayansa, ya tono kurakurai a cikin wanda ya saɓa masa, kuma da aka kammala sai kowa ya ce ya ƙara gamsuwa da ra'ayinsa na farko, alhali takardu iri ɗaya aka ba su duka. Binciken da Charles Taber da Milton Lodge suka wallafa a 2006 ya ƙara wani bayani mai tayar da hankali, wato wannan tsananta ta fi bayyana ga mutanen da suka fi riƙo da ra'ayinsu kuma suka fi sanin harkar siyasa, domin mai ilimi ya fi iya ƙirƙiro dalilin da zai ture hujjar da ba ya so. Wannan ya isa ya sa a daina ɗora laifin rikicin Kaduna a kan jahilci kawai, kamar yadda aka saba yi a tarukan zaman lafiya. Yaron da ya ɗauki gora a bakin titi sau da yawa bai yi karatu mai zurfi ba, amma wanda ya tsara masa labarin da ya halatta masa ɗaukar gorar yakan kasance mai digiri, ko mai mumbari, ko mai shafi a jarida.

Hanya ta farko da zaɓen hujja ke bi a Kaduna ita ce zaɓen ranar da tarihi ya fara. Maganar da ta fi kowace yawo a bakin mutane bayan kowane tashin hankali ita ce "su suka fara", kuma gaskiyar wannan magana ta dogara kacokan a kan inda mai faɗinta ya ɗora yatsarsa a kalanda. Mai ba da labarin ranar Litinin 21 ga Fabrairu 2000 daga gaɓar arewa yakan fara ne daga jerin gwanon da ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta shirya don adawa da shirin kafa Shari'a, mai ba da shi daga gaɓar kudu kuwa yakan fara daga gangamin goyon bayan Shari'a da aka yi a kwanakin da suka gabata, ko daga matakin kafa Shari'a da Gwamna Ahmed Sani ya ɗauka a Zamfara a Oktoba 1999. Idan aka matsa wa kowannensu, ɗaya zai koma rikicin Zangon Kataf na 1992, ɗayan ya koma na Kafanchan na Maris 1987, daga nan a zarce zuwa mulkin Turawa da suka ɗora hakiman masarautar Zazzau a kan ƙabilun kudu, har a dangana da hare-haren neman bayi na ƙarni na 19. Duk waɗannan abubuwa sun faru, kuma kowane ɗaya daga cikinsu ya bar tabo, amma wanda ya zaɓi mafari shi ya riga ya yanke hukunci, domin duk abin da ya biyo bayan mafarin nasa ramuwar gayya ce idan mutanensa suka aikata, ta'addanci ne idan wasu suka aikata.

Shari'ar Zangon Kataf ta nuna yadda hukunci guda ke zama hujjoji biyu masu karo da juna. Rikicin ya taso ne a Fabrairu 1992 a kan batun sauya wa kasuwa matsuguni, ya sake ɓarkewa da muni a watan Mayu, ya kuma bazu zuwa Kaduna da Zariya. Kotun musamman da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa a ƙarƙashin Mai Shari'a Benedict Okadigbo ta yanke wa Manjo Janar Zamani Lekwot mai ritaya da wasu 'yan ƙabilar Atyap hukuncin kisa a 1993, daga baya gwamnati ta sassauta shi zuwa ɗauri. A gidajen Atyap da ke Sabon Tasha abin da ake tunawa shi ne yadda aka gudanar da shari'ar, da hana ɗaukaka ƙara, da kasancewar waɗanda aka yanke wa hukuncin daga ɓangare guda suke, kuma daga nan ake kafa hujjar cewa hukuma ta wasu ce. A gidajen Hausawan Zango da suka tsira abin da ake tunawa shi ne sassaucin, kuma daga nan ake kafa hujjar cewa jininsu ba shi da daraja a idon hukuma. Mataki ɗaya na gwamnati ɗaya ya tabbatar wa kowane ɓangare cewa shi aka zalunta, kuma shekaru talatin ba su goge ko ɗaya daga cikin karatun biyu ba.

Hanya ta biyu, wadda ta fi ban takaici, ita ce jayayya a kan adadin matattu. Kwamitin shari'a da gwamnatin jiha ta kafa bayan rikicin 2000 ya ba da adadin mutum 1,295, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch kuwa ta ce waɗanda suka mutu a rikicin wannan shekara ba su gaza 2,000 ba, kuma mai yiwuwa sun ninka haka. Irin wannan giɓi tsakanin alƙaluma fili ne da kowa ke shuka abin da yake so a ciki. A ranar 15 ga Fabrairu 2019, jajibirin ranar da aka tsara yin zaɓen shugaban ƙasa, gwamnatin Malam Nasiru El-Rufai ta sanar da cewa an kashe mutum 66 a rugagen Fulani a ƙaramar hukumar Kajuru, bayan 'yan kwanaki kuma ta ce adadin ya kai 130. Shugabannin ƙabilar Adara da na CAN da wasu masu fafutuka suka ce a nuna kaburbura, suka tambayi dalilin da ya sa ba a yi irin wannan sanarwa ba sa'adda aka kashe mutanensu a Unguwar Barde kwanaki kaɗan kafin nan, suka kuma zargi lokacin da aka zaɓa don sanarwar. Tambayar neman shaida daidai ce, amma abin lura shi ne wanda ya nemi a tono kabari a wannan mako bai nemi haka ba sa'adda aka kawo masa adadin Adara da aka kashe a hare-haren da suka biyo baya, wanda kuma ya karɓi adadin gwamna hannu bibbiyu shi ne ya riƙa cewa an zuzuta na Adara. Ma'aunin ya riƙa sauyawa gwargwadon sunan mamacin.

Hatta alƙaluman da aka tattara da kulawa ba su tsira ba. Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta jihar, a ƙarƙashin Kwamishina Samuel Aruwan, ta fitar da rahoton cewa an kashe mutum 937 a jihar a shekarar 2020, daga ciki 617 a shiyyar Kaduna ta Tsakiya, 286 a shiyyar Kudu, 34 a shiyyar Arewa. Mai son nuna cewa kukan Kudancin Kaduna ya wuce kima zai ɗaga 617 ya ce ga inda aka fi mutuwa, wato Birnin Gwari da Giwa da Igabi, ƙasar Musulmi manoma waɗanda babu mai yi musu zanga-zanga a ƙasashen waje. Mai son nuna akasin haka zai ɗaga wannan adadi ɗin dai ya ce shiyyar Tsakiya ta ƙunshi Chikun da Kajuru, ƙasar Gbagyi da Adara, waɗanda a al'ada da addini ake lissafa su tare da kudu ko da taswirar zaɓe ta sa su wani wuri. Dukkansu sun faɗi abin da ke cikin taswira, kuma babu ɗayansu da ya tsaya a kan abin da adadin ke faɗa a fili, wato gwamnati ta kasa kare talakan karkara ko da wace alƙibla yake fuskanta.

Ƙaramar hukumar Chikun, wadda ta ƙunshi babban yanki na kudancin birnin, ta isa misali. A cikinta ne aka sace ɗaliban jami'ar Greenfield a Afrilu 2021 aka kashe biyar daga cikinsu, a cikinta aka kwashe ɗalibai fiye da 120 na makarantar Bethel Baptist a ranar 5 ga Yuli na wannan shekara, kuma a cikinta ne dai aka kwashe yaran makarantar Kuriga, garin da mafi yawan mazaunansa Musulmi ne, a ranar 7 ga Maris 2024. A maƙwabciyarta Igabi an sace ɗalibai 39 na kwalejin gandun daji ta Afaka a Maris 2021, kuma a can ne jirgin soja marar matuƙi ya hallaka mutum aƙalla 85 da ke taron Mauludi a Tudun Biri ranar 3 ga Disamba 2023. Wanda ya jera waɗannan musibu a layi ɗaya zai ga daji guda da 'yan bindiga ke sheƙe ayarsu a ciki, da hukumar da ba ta iya bambance mai laifi da mai zikiri daga sama. Amma ba a layi ɗaya ake jera su ba. A wata gaɓa ana haɗa Bethel da limaman coci da aka sace ko aka kashe a kira shi kisan ƙare dangi, a ɗaya gaɓar ana haɗa Tudun Biri da kisan Zonkwa na 2011 a ce ga shaidar cewa ran Musulmi ba ya tayar da hankalin duniya. Ba ana cewa babu harin da aka kai wa mutane saboda addininsu ko ƙabilarsu ba ne, domin akwai, kuma musun haka wani zaluncin ne a kan zalunci. Abin da ake cewa shi ne zaren da ake ɗinke labaran da shi an riga an zaɓe shi kafin a duba labaran, kuma duk gawar da ba ta shiga ɗinkin ba sai a bar ta a gefe.

Da a ce mutum shi kaɗai yake wannan karatu, da ɓarnar ta tsaya a kansa. Amma bincike tun daga ƙarshen shekarun 1960 ya nuna cewa idan masu ra'ayi iri ɗaya suka zauna suka tattauna a junansu, sukan tashi da ra'ayin da ya fi wanda suka zo da shi zafi, saboda kowa yana jin sababbin dalilai masu ƙarfafa gefe guda kawai, kuma babu mai son a gan shi a matsayin mai sanyin kishi. A Kaduna ɗin nan aka gwada wani abu mai kama da haka. Alexandra Scacco da Shana Warren sun wallafa a 2018 sakamakon wani gwaji da ya shafi samari 849, Musulmi da Kirista, daga unguwannin birnin da suka sha fama da rikici, inda aka koya wa wasunsu aikin kwamfuta na tsawon mako 16, wasu a aji mai gauraye, wasu a ajin 'yan addini ɗaya. Ra'ayin samarin game da ɗaya ɓangaren bai sauya ba, wanda hakan darasi ne ga masu tsammanin taron kwana biyu a otal zai wanke zukata. Amma da aka gwada su da rabon kuɗi, 'yan aji mai gauraye sun fi yin adalci ga wanda ba addininsu ɗaya ba, kuma bambancin ya samo asali ne daga cewa 'yan ajin addini ɗaya sun ƙara nuna wariya fiye da samarin da ba su shiga kowane aji ba. Zama da naka zalla, ko da a kan koyon sana'a ne wadda ba ruwanta da addini, yana ƙara kaifin fifita naka. Idan mako 16 ya yi haka, sai a auna abin da shekaru fiye da ashirin suka yi wa yaron da aka haifa a Unguwar Romi ko a Rigasa bayan 2000, wanda makarantarsa da kasuwarsa da filin ƙwallonsa duk na mutanensa ne, wanda kuma bai san ɗaya ɓangaren ba sai a labarin ranar da aka kori iyayensa.

A nan ne mutuwar masana'antun Kakuri ta zama asarar da ta wuce ta albashi. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957, da UNTL, da Arewa Textiles, da kamfanin harhaɗa motocin Peugeot da ya fara aiki a 1975, sun tara dubban ma'aikata daga kowane lungu na ƙasar nan a ƙarƙashin rufi ɗaya, a ƙungiyar ƙwadago ɗaya, irin wadda Adams Oshiomhole ya taso daga cikinta. Bakatsine da Bajju da Tibi da Bayarabe da ke tsaye a gaban injin saƙa ɗaya ba lallai ne su ƙaunaci juna ba, amma idan jita-jita ta zo cewa "su" sun yi kaza, kowa yana da fuskar wani takamaiman mutum da zai gwada labarin da ita, kuma yana da wanda zai tambaya gobe da safe. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, wato a daidai shekarun da gidaje ke rabuwa wurin aikin da ke haɗa mutane shi ma ya ruguje. Wayar hannu ta zo ta tarar da wannan fili a share. Ba ita ta ƙirƙiro ɗabi'ar ba, amma zaurukan WhatsApp na coci da na masallaci da na ƙungiyar ƙabila sun sa tsohon bidiyo daga wata ƙasa yana iya isa dubban hannaye kafin a idar da sallar la'asar, kuma mai tura shi ba ya tambayar asalinsa matuƙar ya yi daidai da abin da ya riga ya sani.

Akwai mai cewa irin wannan nazari yana daidaita mai laifi da marar laifi, yana mai da kowace ta'asa ta zama batun "kowa da nasa". Wannan ƙorafi yana da nauyi, domin a kowane hari akwai wanda ya kashe da wanda aka kashe, kuma a wata rana, a wani ƙauye, laifin na ɓangare guda ne ɗungurungum. Waɗanda aka kashe a Zonkwa da Matsirga a Afrilu 2011, cikin rikicin bayan zaɓe da ya ci rayuka fiye da 800 a jihohin Arewa, ba su ne suka ƙona coci-coci a Zariya da sauran garuruwa ba. Masu ibadar da bam ya tashi da su a coci a Zariya da Tirkaniya ranar 17 ga Yuni 2012 ba su tare kowa a hanya ba, matafiyan da aka tare a Gonin Gora a wannan rana kuma ba su dasa bam ba. Zaɓen hujja shi ne ainihin abin da ke hana a faɗi wannan gaskiya dalla-dalla, domin yana narkar da mutum ɗaya mai suna da laifinsa a cikin "su", yana kuma wanke mai laifin gida a cikin "mu". Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, kowa yana taka nasa ya hango na wani.

Babban alhakin ɗorewar wannan hali yana wuyan hukuma. Kotu ita ce wurin da al'umma ta tanada don a tilasta wa labarai biyu su fuskanci juna a ƙarƙashin ƙa'ida ɗaya, a yi wa kowane mai shaida tambayoyi, a fito da hukuncin da ya ambaci sunan mai laifi. Rahoton da Human Rights Watch ta fitar a Disamba 2013 a kan jihohin Kaduna da Filato ya nuna cewa da ƙyar ake samun wanda aka hukunta a kan kashe-kashen da aka yi, kuma wannan ya yi daidai da abin da kowane mazaunin birnin ya sani: a kafa dokar hana fita, a kafa kwamiti, a karɓi rahoto a gaban 'yan jarida, shi ke nan. Inda babu hukunci, kowace unguwa ta zama kotun kanta, kuma kotu ce da mai ƙara shi ne alƙali. Gyare-gyaren da Gwamna Ahmed Makarfi ya yi, na ƙirƙiro masarautu ga ƙabilun kudu da tsara kotunan Shari'a da na gargajiya kowa da nasa a 2001, sun rage zafi ƙwarai, haka ma sanarwar zaman lafiya da shugabannin addini 22 suka sa wa hannu a Agusta 2002, amma wata uku kacal bayan wannan sa hannu aka kashe mutum wajen 250 a tarzomar Nuwamba. Alkawarin daina faɗa bai taɓa tambayar abin da kowa ya yi imani ya faru ba.

Biyu daga cikin masu binciken Stanford ɗin nan sun koma kan batun a 1984, kuma abin da suka samu yana da amfani ga mai wa'azi da ɗan jarida da malamin makaranta. Da aka roƙi mutane su yi adalci su cire son zuciya, roƙon bai yi wani tasiri ba, domin kowa ya riga ya ɗauka shi mai adalci ne. Abin da ya yi aiki shi ne umartar mutum ya tambayi kansa, a kan kowace hujja, ko da zai yi mata irin wannan hukunci da a ce sakamakonta ya fito akasin haka. A harshen Kaduna tambayar ita ce: da a ce wannan bidiyo mutanenmu yake nunawa suna aikata ta'asar, da an tura shi gaba ba tare da bincike ba? Da a ce wannan adadi na mamatanmu ne, da an nemi a tono kabari? Addinan biyu ba baƙin wannan ƙa'ida ba ne, domin Suratul Hujurati ta yi umarni da a tantance labari kafin a yi aiki da shi don kada a cutar da mutane cikin rashin sani, Dokoki Goma kuma sun haramta shaidar zur a kan maƙwabci. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka yi gaba da juna a rikicin 1992, inda ɗaya ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa ɗayan kuma ya rasa hannunsa, sun kafa cibiyar sulhunsu a 1995, kuma ƙarfin shaidarsu ya zo ne daga cewa kowannensu yana faɗin abin da ɓangarensa ya aikata a gaban mutanensa. Irin wannan magana ce ta yi ƙaranci a mumbarorin gaɓoɓin biyu, saboda mai yin ta yana fuskantar zargin cin amana daga waɗanda yake kwana a cikinsu.

Hukumar Zaman Lafiya ta Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2017, tana da hurumin da za ta iya ɗaukar aikin da ya fi taron addu'a wuya, wato tattara kundi guda na waɗanda aka kashe tun daga 1987, da suna da unguwa da rana da yadda abin ya faru, wanda masu tattarawa daga addinan biyu za su tantance tare bisa sharaɗi ɗaya, a kuma buga shi yadda ɗalibin sakandare a Kamazou da na Badarawa za su karanta shafi ɗaya. Aikin zai fusata mutane a kowace gaɓa, domin kowa zai tarar da sunayen da ba a taɓa gaya masa ba, kuma wasu daga cikin waɗanda suka yi kisan suna raye suna da muƙami. Tare da shi akwai batun inda gwamnati ke ajiye makarantun koyon sana'a da kasuwanni da asibitoci. Al'adar da ta samu gindin zama ita ce a gina ɗaya a arewa a gina takwararta a kudu don kada kowa ya yi ƙorafi, kuma wannan yana da sauƙi a siyasance, amma gwajin samari 849 ya nuna cewa ajin da aka cika da 'yan addini ɗaya yana iya yaye ɗalibai da suka fi nuna wariya fiye da waɗanda ba su shiga ajin ba sam. Barnawa da Kakuri da Makera, inda har yanzu ake cuɗanya kuma kowa yake iya zuwa ba tare da fargaba ba, su ne wuraren da ya kamata a fara kai irin waɗannan cibiyoyi, a kuma sa gauraya ɗalibai cikin sharuɗɗan ɗaukarsu.